Zauren Wasan Tebur: Sihirin da Aka Ƙera a Gida Ya Gagari Mai Jan Wasa

Wasiƙun wannan wata sun fi yawa a kan abu guda: ɗan wasa ya zauna ya ƙirƙiro wa jaruminsa sabon sihiri, an kawo shi tebur, ya hargitsa wasan. Duk amsoshin an gina su ne a kan dokokin Dungeons & Dragons bugu na biyar, na shekarar 2014, domin shi ne masu tambayar suka ambata. An yi wa dokokin kwaskwarima a 2024, wasu alƙaluma sun canza, don haka mai sabon littafi ya duba nasa. Ga sabon shiga: idan an rubuta 4d6, ana nufin a jefa ɗan ludo mai fuska 6 guda 4 a haɗa abin da ya fito; d20 kuwa ɗan jifa ne mai fuska 20. A wasan, mai jan wasa ne ke tsara labari da maƙiya, kowane ɗan wasa kuma yana tafiyar da jaruminsa. Hawa matsayin ƙarfin jarumi ne, mataki kuwa matsayin ƙarfin sihiri. Kuma sihirin da muke magana a kai rubutu ne a takarda da lissafi, irin na bokayen cikin tatsuniya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke jan wasa ga abokaina huɗu duk ranar Asabar. Labarinmu a tsohon birnin Kano yake gudana, zamanin da ake rufe ƙofofin ganuwa da dare. Ɗaya daga cikinsu, jaruminsa boka ne a hawa na 3, ya rubuto sihiri mai suna Jan Hazo: mataki na 2, ana jefa shi daga nisan ƙafa 120, yana rufe fili ƙafa 30 daga tsakiya zuwa baki, yana yi wa abokan gaba ɓarnar 4d6 a kowane zagaye har minti 1, yana makantar da su, abokan tafiyarsa kuma ba ya taɓa su. Na amince. Yanzu duk faɗan da na shirya a zagaye biyu yake ƙarewa. Ina gyaran yake? Daga mai karatu a Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokin naka ya zuba hajar mataki na 5 ko na 6 ya biya kuɗin mataki na 2, kai kuma ka sallama ba ka auna ba. Bari mu auna yanzu.

Fara da ɓarnar. Matsakaicin abin da ɗan ludo mai fuska 6 ke bayarwa 3 da rabi ne, saboda haka 4d6 ya kama 14. Littafin jagorar mai jan wasa na 2014 yana da jadawalin ƙera sabon sihiri, kuma abin da ya ware wa mataki na 2 mai taɓa mutane da yawa 4d6 ɗin ne daidai. Nan abokinka ya samo lambarsa, muna zato. Sai dai jadawalin na bugu ɗaya ne, a yi a gama, kuma an ɗauka cewa wanda ya ci jifan tsira, wato jifan d20 da ake yi don kauce wa sihiri, rabin ɓarnar kawai zai sha. Shi kuwa nasa yana maimaituwa. Zagaye ɗaya daƙiƙa 6 ne, minti 1 zagaye 10 ke nan, a takarda 140 ga kowane mutum. Ko mun ce faɗa zagaye 3 yake yi, kamar yadda littafin ke ɗauka wajen lissafin ƙarfin dodanni, 42 ne. Ɗan fashi na yau da kullum makin ransa, wato ɓarnar da zai sha kafin ya faɗi, 11 ne. Ƙaton dodon nan Ogre 59 gare shi. Fireball, wanda yake mataki na 3 kuma kowa ya san ya fi tsararrakinsa zafi, 8d6 ne, wato 28, sau ɗaya.

Sai faɗin fili, inda mutane suka fi yin kuskure. Ana ganin daga ƙafa 20 irin ta Fireball zuwa 30 ƙarin rabi ne kawai. A'a. Faɗin da'ira yana ƙaruwa ne da nisan a ninka shi da kansa: 20 sau 20 ya ba da 400, 30 sau 30 ya ba da 900, ninki biyu da kwata. A taswirar da kowane gida ƙafa 5 ne, ta farko tana cin gida kusan 50, ta biyu kusan 113. A lungun cikin birni ko tsakanin rumfunan kasuwar Kurmi, wannan duk fagen faɗan ne, babu inda maƙiyi zai gudu ya tsaya.

Amma abin da ke kashe maka faɗa a zagaye biyu makantar ce. Makaho idan zai kai sara yana jefa d20 sau biyu ya ɗauki ƙaramar lamba, wanda zai sare shi kuma yana ɗaukar babbar. Ɗauki saran da damarsa 50 cikin 100 ce. Ga makahon ta faɗo 25, ga mai saransa ta hau 75. Da a ce hazon kowa yake rufewa, abubuwan biyu sai su soke juna, domin mai sara ba ya gani, wanda ake sara ma ba ya gani. Tunda abokan bokan suna gani garau, kowane zagaye suna dukan mutanen da ba za su iya ramawa ba. Ka lura kuma cewa keɓe abokai daga ɓarnar sihiri mai faɗi baiwa ce sukutum da dokoki suka ba bokayen wata makaranta guda. Ba a ba da ita kyauta a jimlar ƙarshe ta sihirin mataki na 2.

Ga kuma abin da bai rubuta ba, wanda ya fi wanda ya rubuta nauyi: riƙon hankali. Kusan duk sihirin da ke daɗewa yana ɓarna yana buƙatarsa. Boka ba ya riƙe biyu a lokaci ɗaya, kuma duk sanda aka ji masa rauni sai ya yi jifa ya kai 10 ko rabin ɓarnar da ya sha, wanda ya fi yawa, in ba haka ba sihirin ya watse. Wannan ce hanyar da maƙiyanka za su kare kansu, su auna bokan da kibiya. Babu ita, babu abin yi sai jiran mutuwa.

Hanyar gyara ita ce ka nemo sihirin littafi mafi kama da wannan a matakin da ake so, ka ajiye su gefe da gefe. A mataki na 2, Moonbeam yana maimaita ɓarnar 2d10, amma da'irarsa ƙafa 5 ce kacal kuma da riƙon hankali. Shatter yana da ƙafa 10 da 3d8, sau ɗaya. Wanda ke makantarwa a wannan mataki mutum ɗaya yake kamawa, kuma mutumin yana sake jifan tsira a ƙarshen kowane juyinsa. Daga nan za ka iya miƙa wa abokinka zaɓi biyu.

Idan yana son ya ci gaba da amfani da shi yanzu a mataki na 2: nisa ƙafa 60, da'ira ƙafa 10, bugu ɗaya. Duk wanda ke ciki, aboki ko maƙiyi, ya yi jifan tsira na ƙarfin jiki. Wanda ya faɗi ya sha 2d6 kuma ya makance har ƙarshen juyinsa na gaba. Wanda ya ci ya sha rabi, idonsa lafiya. An rage ɓarnar daga 14 zuwa 7 ne domin a biya kuɗin makantar.

Idan kuwa hazon da ke tsayawa ya turnuƙe fili yake so, to ya jira jaruminsa ya kai hawa na 5 ya karɓe shi a mataki na 3: nisa ƙafa 120, da'ira ƙafa 20, riƙon hankali har minti 1, babu mai gani a ciki ko wane ne, kuma wanda juyinsa ya fara a ciki ya sha 2d6, rabi in ya ci jifa. Ka ƙara cewa iska mai ƙarfi tana kore shi. Akwai sihirin littafi a mataki na 3, Hunger of Hadar, mai irin wannan gini, shi ne ma'auninka. Mu dai na biyun muka fi so, don shi ya fi kama da hazon da mutanen Kano suka sani a watan Janairu, wanda ba ya tambayar wane ne naka kafin ya shiga ido.

Tambaya: Malam, jarumina ɗan tauri ne. Na rubuta masa Maganin Ƙarfe a mataki na 1: awa 8 babu makamin ƙarfe da zai kama shi. Mai jan wasanmu ya hana. Ai haka tauri yake, ina laifina? Daga wani ɗalibi a Ɗorayi.

Amsa: Ƙanina, mai jan wasanku ya yi daidai. Takobi, mashi, gatari, adda, kan kibiya, duk ƙarfe ne. Dogarai da 'yan fashi da mayaƙan da za ku haɗu da su a hawa na farko-farko da waɗannan suke faɗa. Ka cire kanka daga wasan ke nan na yini guda da gurbi ɗaya mafi araha, wato ɗaya daga ƙidayayyun damar jefa sihiri da jarumi ke da su.

Dubi abin da littafi ke karɓa a kan ƙasa da haka. Stoneskin mataki na 4 ne, sai boka ya kai hawa na 7 yake samunsa. Rabin ɓarnar makaman da ba na sihiri ba kawai yake ragewa, awa 1 yake yi, da riƙon hankali, kuma kowane amfani yana cinye garin lu'ulu'u na zinari 100. Kai ka nemi kariya cikakkiya, awa 8, babu riƙo, babu kuɗi.

Ana iya ceto shi, kuma daga cikin al'adar za a samo gyaran. A yadda ake ba da labarin 'yan tauri, wuƙa ce ba ta ci, ba a ce gora ko dutse ba sa ji ba. To, rubuta shi haka: mataki na 2, a jikin mai shi kaɗai, riƙon hankali har minti 1, yana rage rabin ɓarnar sara da suka daga makamin ƙarfe wanda ba na sihiri ba. Kulki, dutse, faratan dabba da haƙoranta, wuta, dafi, duk suna kamawa yadda suka saba. Idan kana son ya kai minti 10 ko ka ɗora wa wani, ya koma mataki na 3. Kuma ku rubuta a fili ko kibiya mai kan ƙarfe da sandar kara tana ciki. Mu mun ce tana ciki. Irin wannan jimla da aka bari a buɗe ita ke jawo gardamar rabin awa a tsakiyar faɗa.

Wani abu da zai ba ka haushi: jarumin da ke gaba yana shan duka zai riƙa jifan riƙon hankali kusan kowane zagaye, wani lokacin maganin ya karye a sara na biyu. Haka ake so. Daɗin wasan ɗan tauri yana wurin da ba a san ko maganin zai riƙe ba.

Tambaya: Na ƙirƙiro Sagau. Idan maƙiyi ya ɗaga hannu zai sari jarumata, sai hannun ya sage, ya tsaya cak har minti 1. Babu jifan tsira, domin a ganina sagau ba ya kuskure. Mataki na nawa ya dace? Daga wata mai karatu a Kabuga.

Amsa: 'Yar'uwa, a yadda kika rubuta shi babu matakin da jarumarki za ta kai nan kusa da zai ɗauke shi. Daskarar da mutum ba tare da jifa ba aikin manyan matakai ne na can ƙarshe, su ma da sharaɗi. Sanadin kuwa shi ne hana mutum juyinsa ya fi kowace ɓarna tsada: babban dodon da mai jan wasa ya kwana yana shiryawa ya zama turmi, kowa na kirɓa.

Ga yadda littafi ya ɗaure makamancinsa, Hold Person, a mataki na 2. Yana cin babban aikin boka na wannan juyi, mai siffar mutum kaɗai yake kamawa, yana buƙatar riƙon hankali, akwai jifa a farko, akwai kuma wani a ƙarshen kowane juyi. Yi lissafin da kanki. Lambar da ake son maƙiyi ya kai ita ce 8, a ƙara makin ƙwarewa, a ƙara makin baiwar boka. Ga sabon boka mai kyau 8 da 2 da 3 ne, wato 13. Maƙiyi mai ƙarin 1 yana buƙatar 12 ko sama a d20, zai tsira 45 cikin 100, ya kamu 55. Damar ya faɗi jifa biyu a jere kusan 30 ce, uku a jere kusan 17. Kin ga minti 1 ɗin da aka rubuta da wuya ake cinye shi. Maimaita jifan shi ne birkin.

Naki yana da wani ƙarin da ba ki lissafa ba: martani ne, ana yin sa a juyin maƙiyi, saboda haka jarumarki tana da babban aikinta a hannu ta sake jefa wani sihirin. Duk abin da aka mayar martani ko ƙaramin aiki dole ƙarfinsa ya ragu sosai. Shawararmu: mataki na 2, martani idan wani da take gani cikin ƙafa 5 ya kai mata sara da makami. Ya yi jifan tsira na ƙarfin jiki. In ya faɗi, saran ya tashi a banza kuma ba zai sake sara da wannan hannun ba sai juyinsa na gaba. Ƙafafunsa da bakinsa da ɗaya hannun suna aiki. Babu minti 1, babu daskarewa. Hannu ne ya sage, kamar yadda sunan ya ce.

Tambaya: Ina son layar zana a wasanmu. Ta ina zan fara? Daga Gwale.

Amsa: Kada ka ƙera komai. Sihirin ɓacewa yana nan a littafi a mataki na 2: awa 1, riƙon hankali, yana warwarewa da zarar mai shi ya kai hari ko ya jefa wani sihiri. Wanda ba ya warwarewa da hari mataki na 4 ne, minti 1. Goge sunan, rubuta Layar Zana, ka ce jarumi yana danna layar a bango kafin ya ɓace. Lambobin ka bar su yadda suke. Yawancin abin da ake aiko mana da sunan sabon sihiri haka ya kamata a yi masa.

Tambaya: Ba mu da 'ya'yan jifa masu fuska 8, 10 da 20, na ludo kawai muke samu. Za mu iya mayar da komai d6? Daga matasa a Hotoro.

Amsa: Ɓarna za ta mayu cikin sauƙi, muddin matsakaicin ya zo kusa. Na d8 4 da rabi ne, na d10 5 da rabi. Don haka 2d10, wato 11, ku jefa 3d6, 10 da rabi. 3d8 da 4d6 rabin maki ne tsakaninsu. 5d10 kuwa 8d6 ne kusan daidai, 27 da rabi da 28.

Inda ba za ta mayu ba shi ne d20. Mutane suna maye shi da 3d6 don matsakaicinsu ɗaya, sai duk ma'aunin sihiri ya karkace. A d20 kowace lamba tana da dama 5 cikin 100. A 3d6 sakamako yana taruwa a tsakiya: daga 9 zuwa 12 yana fitowa sau 104 cikin 216, kusan rabi, alhali a d20 kashi 20 ne cikin 100. Ma'ana, ƙarin maki 2 a lambar tsira, wanda a d20 ke sauya dama da kashi 10, a 3d6 zai iya sauya ta da kusan 25. Sihirin da aka auna daidai sai ya zama ba ya kuskure. Ku sauke manhajar jifa a waya, ko ku yanka kwali guda 20 daidai wa daida, ku rubuta 1 zuwa 20, ku zuba a hula. Duk wanda aka zaro a mayar da shi a girgiza kafin a sake zara, in ba haka ba damar ta canza.

Tambaya: Na rage wa ɗan wasana ƙarfin sihirinsa bayan mun yi wata biyu da shi, ya yi fushi ya ce na yi masa ƙwace. Yaya ake gwada sabon sihiri tun farko don kauce wa haka? Daga mai jan wasa a Rijiyar Zaki.

Amsa: Yana da 'yar gaskiya, domin ya riga ya gina jaruminsa a kai. Ka ba shi damar sauya sihirin da wani na littafi kyauta idan gyararren bai yi masa ba.

Nan gaba, kada sihiri ya hau tebur sai an cika masa kati: mataki, irin aikin da yake ci, nisa, faɗi, tsawon lokaci, ko akwai riƙon hankali, wane jifan tsira, me ke faruwa da wanda ya ci, nau'in ɓarna, da abin da ake ƙarawa idan an jefa shi da gurbi mafi girma. Wannan na ƙarshen abu ɗaya ake ƙarawa a kowane mataki: ko ɗan jifa ɗaya, ko mutum ɗaya, ko faɗi, ba duka ba. Nau'in ɓarna ma farashi ne. Dodanni da yawa wuta ba ta cin su sosai, dafi ma haka, amma ɓarnar tsantsar ƙarfin sihiri da wuya a sami mai jure mata, don haka wanda ya zaɓe ta a rage masa girman ɗan jifa, d8 ya koma d6.

Sannan ka rubuta a saman katin cewa gwaji ne na zama 3, a gaban kowa, kuma ka fara da sigar da kake ganin ta ɗan yi rauni. Ƙara wa ɗan wasa ƙarfi daga baya ba ya jawo rigima, ragewa ce ke jawowa. Kafin zaman farko, ɗauki faɗa biyu da kuka riga kuka yi, ɗaya da ƙananan maƙiya da yawa, ɗaya da babba guda, ka sake buga su kai kaɗai da matsakaitan lambobi, sau ɗaya da sabon sihirin, sau ɗaya da na littafi mai matakinsa. Idan sabon ya yi nasara a duka biyun, ya yi yawa, don sihiri mai kyau yana da inda yake haskawa da inda yake zama asarar gurbi.

A lokacin zama kuma ka riƙa yin zane a gefen takarda duk sanda aka kashe gurbin wannan mataki. Boka a hawa na 5 gurbi 2 gare shi na mataki na 3 kafin dogon hutu. Idan cikin zama 3 duk guraben a sabon sihirin suka tafi, ka rage abu ɗaya, faɗi ko lokaci, ka sake zama 3. Idan bai taɓa shi ba ko sau ɗaya, ka ƙara masa ɗan jifa ɗaya ko nisan ƙafa 30. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, domin in ka sauya uku tare ba za ka san wanne ne ya yi aikin ba.